Mai Saurare da Haƙora

Grenoble, 6 ga Nuwamba 2010

Zuwa ga Kawu Alkassoum,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mahaifiyata Inno da matarka Inna Tani da dukan mutanen gida. Ni ma lafiya lau, sai sanyi.

Na kira ka sau biyu, duka biyun kana ta cewa "wa ke magana?" har layin ya yanke. Shi ya sa na koma ga takarda. Injin niƙa dutse na ma'adini ya cinye maka kunne, amma ya bar maka ido, kuma na san babu mai son karatu kamarka.

Kawu, na samu aiki a ɗakin binciken jami'armu, kuma tun da na fara ban iya yin shiru ba. Muna da wata na'ura. Ordinata ce, wato kwamfuta, guda goma sha biyu a haɗe, cikin wani ɗaki. Tun watan Maris aka kunna ta, ba a sake kashe ta ba. Aikinta karatu kawai: tana bin shafukan intanet na Faransanci, miliyoyinsu, tana tsintar abin da ta ɗauka gaskiya ne. Da farko misalai kaɗan aka ba ta. Aka ce mata Niamey birni ne, Zinder birni ne. Sai ta lura da maganganun da ke rakiyar waɗannan sunaye, irin su "magajin garin kaza" da "hanyar zuwa kaza", ta tafi ta nemo wasu sunayen da ake rakiya da irin wannan. Abin da ta koya yau, da shi take karatun gobe. Kowace magana kuma tana ba ta maki daga ɗaya zuwa ɗari, gwargwadon yadda ta amince da ita.

Nawa aikin shi ne in zauna kullum da hantsi in duba abin da ta tsinto game da Sahel, in danna "gaskiya" ko "kuskure". Jiya ta yanke cewa Arlit kamfani ne, maki 72, domin duk inda ta ga sunan sai ta ga farashin uranium kusa da shi. Ta kuma ce Imouraren, wurin sabon ma'adinin nan, mutum ne, tunda jaridu suna rubuta "Imouraren zai ɗauki ma'aikata", "Imouraren ya makara". Na gyara mata. Ba ta fushi, kuma ba ta maimaita kuskuren da aka gyara, abin da ba zan iya faɗa a kan malamanmu ba.

Ka kai amsarka sibar, shagon intanet ɗin kusa da tasha, za su ɗauki hotonta su turo mini.

Taka 'yar,
Safiya

*

Arlit, 19 ga Nuwamba 2010

Zuwa ga 'yata Safiya,

Amin wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta sau uku, na kuma karanta wa Inno da Tani. Suna amsa gaisuwa. Inno ta ce ki riƙa rufe kai saboda sanyi.

To, ashe har ƙasar Faransa kika je don ki yi wa magulmaciya reno. Mu nan muna da irinta da yawa a bakin tasha, suna jin komai, suna tara komai, kuma ba su cin lantarki. Ni dai na sa mata suna Magulmaciya, ki gaya mata. Abu ɗaya nake so ki tambaye ta. Idan mutum goma suka faɗa mata magana, tana tambaya wane ne ya gani da idonsa? Shekara ashirin da shida na yi a ma'adini, na ga labarin da ya fita daga bakin mutum ɗaya da safe, ya dawo masa da la'asar da shaidu arba'in, har shi ma ya yarda.

Game da Imouraren, kada ki yi mata dariya sosai. Nan ma kamar mutum ake maganarsa. Kowa ya haɗa takardu yana jiran ya kira shi. Kamyo, manyan motocin kaya, suna wucewa da ƙarafa masu tsawon gida biyu. Kanawa da Katsinawa sun buɗe shaguna har bayan kasuwa, mai shayi ɗaya ya zama bakwai. Sau uku ana zuwa a ce in buɗe garajina, wai babu makanikin da ya isa. Na ce musu ƙofar ta yi tsatsa. Kin san tun da muka rasa yaran nan biyu a hanyar Gougaram, ɗan Inno da nawa, ban sake taɓa akwatin kayan aiki ba.

Inno tana nan da ƙarfinta, sai dai abinci kaɗan take ci. Ki riƙa rubutowa, takardarki tana sa ta dariya.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki,
Alkassoum

*

Grenoble, 2 ga Disamba 2010

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma roƙon ka karanta wannan kai kaɗai, kada ka karanta wa kowa tukuna.

Shekaranjiya na buɗe jerin mutanen da na'urar ta danganta da Arlit. Yawanci manyan kamfani ne da 'yan siyasa. Can ƙasa na ga layi biyu a jere, ta yi musu alamar cewa suna karo da juna. Zan kwafa maka su kamar yadda ta rubuta, ka gafarce ni:

Rhissa Amumun, direba, ya mutu a fashewar nakiya, Fabrairu 2008. Maki 94.

Rhissa Amumun, mai gyaran injin ban-ruwa, Abalessa, Aljeriya, 2010. Maki 38.

Sunan yayana, sau biyu. Daga nan na tuna tambayarka, na yi abin da ita ba ta iya yi. Layin farko daga shafi talatin da ɗaya ta samo shi, shi ya sa ta ba shi maki mai yawa. Na buɗe su ɗaya bayan ɗaya, na jera su bisa rana da sa'a. Kawu, duka talatin da ɗayan labari ɗaya ne. Wani ɗan jarida a Niamey ya rubuta shi ranar da abin ya faru, sauran suka kwafa, wasu har da kuskuren da ya yi a sunan ƙauye. Shi kuma ya faɗi inda ya samo sunayen: an karanta masa su ta waya daga littafin tasha, inda ake rubuta waɗanda suka shiga mota. Wato abin da aka sani shi ne mutum biyar sun shiga. Ban ga shafi ko ɗaya da ya ce an ga gawa biyar ba.

Layi na biyu daga shafi biyu kawai ya fito, amma ba su san juna ba. Ɗaya jerin masu sana'a ne na wata ƙungiyar manoman lambu, ɗayan kuma rubutun wata ɗaliba ce da ta ziyarci lambunan a watan Afrilu.

Na san suna yana iya zama ɗaya mutum ya bambanta. Na faɗa wa kaina haka sau ɗari. Amma kwana biyu ina shiga taro ban ji abin da ake cewa ba.

Ƙa'idar na'urar ita ce, idan magana biyu suka yi karo kuma ba a sa baki ba, ƙarshen wata za ta share mai ƙaramin maki da kanta. Ni ce ya kamata in danna. Na roƙi shugabanmu ya dakatar da waɗannan layukan, ya ba ni har ƙarshen Janairu.

Kai ka je wurin, Kawu. Me ka gani?

Safiya

*

Arlit, 10 ga Disamba 2010

Safiya,

Na samu takardarki. Muna lafiya.

Boko ya kai ki nesa har kin manta gidan da kika fito. A layi ɗaya kin rubuta sunan yayanki da na mahaifinki, mutum biyu da suka riga mu, kuma kin maimaita. A wurinmu wanda ya tafi ba a kiran sunansa. A bar shi ya huta, a bar masu rai su ma su huta. Kusan shekara uku babu wanda ya furta sunan nan a gidan Inno. Yaron maƙwabta mai irin sunan, ita da kanta ta laƙaba masa wani don kada a riƙa kiransa a ƙofarta. Magulmaciyarku ba ta da uwa, shi ya sa ba ta da kunya. Ke kina da ita.

Kin tambayi abin da na gani. Bayan kwana huɗu aka bar mu muka je. Na ga ƙarfen mota ya ƙone ya lanƙwashe. Na ga rami ɗaya da duwatsu a kai, makiyayan da suka fara isowa sun binne abin da suka samu, sun kuma yi gaba da dabbobinsu saboda tsoro. Ban ƙidaya ba. Ba a ƙidaya irin wannan.

Masu irin sunan nan sun fi duwatsun Aïr yawa, kuma rabinsu makanikai ne.

Akwai kuma abin da ba ki sani ba, kina Niamey lokacin. Da safiyar ranar na tsaya a bakin garaji na ce wa yayanki ya jira rakiyar sojoji, kwana biyu kawai. Ya ce ya san wata hanya ta cikin kwari wadda babu mai bi. Ɗana yana gefensa yana dariya. To ki gaya mini, in ma maki talatin da takwas ɗin nan gaskiya ne, wane irin mutum ne zai bar uwarsa tana ramewa shekara uku? Kuma da wane ido zan dube shi?

Kada Inno ta ji wannan. Ki danna abin da kika ga dama.

Alkassoum

*

Grenoble, 14 ga Disamba 2010

Zuwa ga Kawu Alkassoum,

Assalamu alaikum. Na yi kuskure, ka yafe mini. Ba zan sake rubuta sunan ba. Maganar safiyar ranar da suka tafi ma ban taɓa jin ta ba.

Ba zan danna komai ba, domin ban sani ba, kuma aikina shi ne kada in ce na san abin da ban sani ba. Abu ɗaya kawai nake roƙo. Ga abin da ɗalibar nan ta rubuta, na mayar da shi Hausa ba ƙari ba ragi. Idan ka karanta bai ce maka komai ba, na bar maganar har abada.

"A lambu na uku injin ban-ruwa yana tari. Aka kira makanikin wurin, wani ɗan Nijar mai ɗingishi wanda ba ya yawan magana. Bai kwance ko ƙusa ɗaya ba. Ya ciro wata 'yar sandar ƙarfe daga aljihu, ya ɗora bakinta a jikin injin, ya sa ɗaya bakin ƙarƙashin amawali ya cije da haƙoransa, ya toshe kunnuwansa biyu da yatsu. Ya matsar da sandar wuri uku. Daga nan ya nuna inda ciwon yake, kuma nan ɗin ne. Bakin da yake cizawa an naɗe shi da koriyar fata. Na tambaye shi inda ya koyi wannan, ya ce wurin wani kurma."

Akwai hoto, amma rawani da amawali sun rufe komai sai idanu, kuma daga nesa aka ɗauka. Ni tun ina 'yar shekara goma sha uku na tafi makarantar boko a Niamey, ban san yadda yake aiki ba.

Ina gaida Inno da Inna Tani.

Taka 'yar,
Safiya

*

Arlit, 17 ga Disamba 2010

'Yata Safiya,

Amin wa alaikumus salam. Ki yi haƙuri da rubutun, alƙalamin ne yake gudu.

Wurin wani kurma. Ɗan banza. Ni ne kurman.

Bari in yi miki bayani, ko da yake tsayawa ma wuya take mini. Lokacin da kunnena ya mutu, na ɗauka gyaran inji ya ƙare mini, domin makaniki da kunne yake gani. Wata rana ina riƙe da ƙarfe a baki, hannuwana biyu suna aiki, sai bakin ƙarfen ya taɓa injin. Na ji komai a cikin kaina, tsaf, har bugun da ya saɓa. Tun daga ranar da haƙora nake saurare. Makanikan garin nan suna ɗora sanda a kunne, babu mai cizawa, dariya ma suke mini. Mutum ɗaya na koya wa. Shi kunnensa lafiya lau, don haka na ce ya riƙa toshewa, in ba haka ba ƙarar waje za ta ruɗe shi. Ɗana bai taɓa yarda ya koya ba, ya ce shi ba jaki ba ne da za a sa masa linzami.

Sandar kuwa daga injin wata tsohuwar kamyo na ciro ta. Tani ce ta naɗe bakin da koriyar fatar Agadez bayan na fasa haƙori. Da na gama karanta takardarki a sibar, ban san lokacin da na iso garaji ba. Makullin ya ƙi, na fasa shi da guduma, maƙwabta suka fito suna kallo. Na zazzage akwatin a ƙasa. Sandar ba ta ciki.

Na kasa ɓoye wa Tani. Na zaci za ta tashi ta bar mini ɗakin, domin ita ce ta haifi wanda ba zai dawo ba. Amma sai ta matso kusa da kunnena ta ce, "In yana raye, to akwai wanda ya san abin da ɗana yake yi a ƙarshe. Ka nemo mini shi."

Kalilu, mutumin Tahoua mai kai albasa Tamanrasset, zai tashi jibi. Ya ce daga can zuwa Abalessa tafiyar hantsi ce. Na ba shi takarda. Ya juya ambulan ya ce, "Malam, babu suna." Na ce ya duba da kyau. Na rubuta: zuwa ga mai cizon ƙarfe. Ya ce, "In na miƙa wa raƙumi fa?" Na ce in raƙumin ya iya gyaran inji, ya kawo shi, garaji yana buƙata.

Inno ba ta sani ba har yanzu. Ta tambaye ni me ya sa nake share garaji, na ce ɓeraye ne. Ki riƙe hannunki, kada ki danna. Ki kuma gaya wa Magulmaciya na janye rabin abin da na faɗa a kanta.

Kawunki,
Alkassoum

*

Abalessa, 3 ga Janairu 2011

Zuwa ga Kawu,

Ina gaisuwa da girmamawa. Kalilu ya same ni a lambu. Na ga rubutunka tun kafin in buɗe. Ka tambaya ko ni ne. Ni ne.

Ban iya rubutu kamar Safiya ba, zan faɗa yadda ya faru. Ƙofar motar ta gefena ba ta kamawa sosai, kai ma ka sha yi mini faɗa a kanta. Da nakiyar ta tashi, ita ta jefar da ni waje. Makiyaya suka ɗauke ni a kan raƙumi suka yi arewa, suna tsoron a same su da mai rauni a ce ɗan tawaye ne. Na dawo hayyacina a In Guezzam, ƙafar hagu ta karye wuri biyu.

Da na fara takawa na yi niyyar gida. A tasha na zauna kusa da wani mutumin Arlit, bai gane ni ba saboda amawali. Na tambaye shi labarin gari. Ya ce an yi sadakar arba'in ta yaran gidan Alkassoum, ya ce tsohon ya rufe garaji. Sai na tuna da kai a bakin ƙofa kana cewa kwana biyu kawai. Na ga in na dawo, kullum Inna Tani za ta ga wanda ya fito, ta tuna wanda bai fito ba. Na ga kun riga kun binne ni, kuma na cancanta. Na juya.

Suna ne kawai na kasa canzawa. Na san a gida an daina kiransa. Na ce to bari a riƙa kiransa a nan.

Ka ce Inna Tani tana tambayar abin da ɗanku, ƙanena, yake yi a ƙarshe. Gyaɗa yake ɓarewa. Hannuwana suna kan sitiyari, yana sa mini a baki, ɗaya ni ɗaya shi, yana cewa ina cin rabonsa. Bai ga komai ba, bai ji tsoro ba. Wannan na rantse a kai.

Kawu, ba na neman a yafe mini. In ka ga ya fi, ka ƙona takardar nan, a bar Inno yadda take. Ba zan zo ba sai ka ce in zo. Sandarka tana wurina, Kalilu zai iya kawo maka.

Ɗanka mai laifi

*

Arlit, 15 ga Janairu 2011

Rhissa,

Ina gaisuwa. Ka ga na rubuta shi.

Na karanta wa Tani. Ta yi kuka, daga baya ta ce haka yake tun yana yaro, ba ya cin abu shi kaɗai. Ta ce in gaya maka mutum ɗaya ta rasa a hanyar nan, kai ka mayar da su biyu, kuma wannan laifin ne take jira ka zo ka gyara.

Ni abin da na faɗa a bakin garaji na faɗa, kai ma ka ji. Ba za mu sake tayar da shi ba.

Jiya bayan azahar na gaya wa Inno. Ta tashi ta tsaya a ƙofar gida ta kira sunanka, da ƙarfin da ni ma na ji. Maƙwabta suka fito da gudu, sun zaci ta taɓu. Ta ci tuwo kwano biyu.

Kalilu zai juyo ranar ashirin da biyar. Kada ka ba shi sandar. Ka kawo ta da hannunka, akwai kamyo uku a ƙofar garaji suna tari.

Zan tura wa Safiya hoton wannan takarda. 'Yata, ki danna.

Kawunka,
Alkassoum